Bakin da na ara wa uwar Shaihu Umar

Ranar Juma'a na miƙa makullin durowata, bayan shekara bakwai a sashen wasan kwaikwayo na gidan rediyo. Waɗanda muka yi zaman sutudiyo tare sun san abin da ya faru a zangon da muka yi wasan uwar Shaihu Umar. Kowa da yadda aka ba shi labarin, ga nawa.

Ni na kawo shawarar. Tun ina sakandare wuri ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya a littafin nan, Shaihu Umar, da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933. Labarin duka daga bakin Umar yake fitowa, yana zaune a Rauta cikin almajiransa. Amma wa ya fi shan wuya? Matar nan 'yar Fatika, wadda mijinta na fari ya rasu, na biyu, Makau, aka kore shi daga Kagara saboda makircin fada, aka sace mata ɗa, ta bi sawunsa har Kano, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta ƙetare hamada ta Murzuk har Tarabulus. Ta gan shi da idonta, ba ta jima ba ta cika. Na ce a ba ni kashi 13 in juya labarin, ita ta riƙe zaren.

Shugaban sashe ya amince, ya kuma sa hannu a kan kowane shafi. Ku riƙe wannan.

Na shafe makonni ina zirga-zirga tsakanin Tudun Wada da Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ina karanta yadda ayari ke ratsa sahara. Na cika kai da sani, sai na juye mata shi duka a baki. A kashi na tara na tsayar da ita tsakiyar kasuwar bayi tana jawabi na shafi uku a kan zaluncin maza da 'yancin ɗan Adam. Wallahi daren da na gama shi har ƙwalla na yi, don ina ganin na fanshe ta.

Ranar gwaji, dattijuwar da za ta hau matsayin, wadda ta fara wasa a rediyo tun ba a haife ni ba, ta karanta rabin shafi ta cire tabarau.

"'Yar nan, kin taɓa neman yaro a Kasuwar Barci ko na minti goma?"

Na ce, "A'a, Mama."

"To wannan ba uwa ba ce, mai taron ƙara wa juna sani ce. Wadda ɗanta ya ɓata ba ta wa'azi. Lissafi take yi. Bana ya isa kaciya, bana ya kamata a ce ya sauke, wa ke duba shi in zazzaɓi ya kama shi."

Da a nan abin ya tsaya, da karatu ne kawai. Sai ga shi ranar Litinin a taron sashe, Yallaɓai shugaban sashe ya ɗauki shafin nan yana karantawa da muryar mata, ana ta dariya, ya rufe da cewa ga abin da ke faruwa in an sakar wa yara aikin manya. Sa hannunsa na nan da jan biro a ƙasan shafin da yake kaɗawa. Ban ce uffan ba, kuma har yau wannan shirun na ba ni haushi fiye da dariyar.

Na koma na sake karanta littafin, wannan karon ba don in kama marubucin da laifi ba. Sai na ga abin da na yi ta tsallakewa. Kafin ta bi Makau, ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, a nan aka ɗauke shi. Matar da wannan ya faru da ita ba sai an ba ta abokin gaba ba, da kanta take shari'a kullum dare. Na yage kashi shida. Jawabin kasuwa ya koma layi biyu: tana tambayar wani yaro da aka ɗaure kusa da ita ko ya ci abinci. Da Mama ta faɗe shi a gaban makirfo, mai ɗaukar sauti ya manta bai tsayar da na'ura ba.

Mutuwarta ma, da na so in soke, na bar ta yadda take.

Sauran abubuwan ƙanana ne. A nemi izinin masu haƙƙin littafi a rubuce tun kafin a ɗora biro. A ba tsofaffin 'yan wasa rubutu su gani kafin shugabanni. A ajiye kwafin duk takardar da aka sa wa hannu, a gida, ba a ofis ba.

Wasan ya fita, masu sauraro daga Giwa da Maƙarfi suka yi ta bugo waya, har aka maimaita shi. A ƙarshen kowane kashi mai sanarwa kan ce, "Tsarawa da shiryawa," ya ambaci sunan Yallaɓai. Nawa yana cikin "da sauran ma'aikatan sashe".

Shafi ukun nan mai jan biro yana cikin kwalin da na fito da shi ranar Juma'a. Mama ce ta riƙe mini kwalin har na samu Keke Napep.