Jifa 4 cikin 32: abin da Kentucky ta 2010 ta koya mini game da auna ɗan wasa

Tun da na fara aikin kallon bidiyon ƙwallon kwando ina rubuta rahoto a kan 'yan wasa, ba wasan da ya gyara mini ido kamar wanda jami'ar Kentucky ta buga da West Virginia ranar 27 ga Maris, 2010, a birnin Syracuse. Zagayen 'yan takwas ne na gasar jami'o'in Amurka, inda duk wanda aka doke sai gida. Kentucky ta jefa ƙwallo sau 32 daga bayan layin maki uku, 4 kawai suka shiga. Ashirin ɗin farko duk sun ɓare. A jifan kyauta ma, wanda ake ba ɗan wasa in an yi masa ƙeta ba mai tare shi, 16 suka ci cikin 29. Aka tashi 73 da 66.

Wata uku bayan haka ƙungiyoyin NBA, gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, suka ɗebi mutum biyar daga wannan tawaga a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, abin da ba a taɓa yi wa jami'a ɗaya ba kafin nan. John Wall ya zo na ɗaya, DeMarcus Cousins na biyar, Patrick Patterson na 14, Eric Bledsoe na 18, Daniel Orton na 29. Mai kallo zai ce ko dai masu zaɓen ba su ga wasan ba, ko kuwa ba su damu da jifa ba. Sun gani sarai. Tambayar da suke yi ce ta bambanta da ta 'yan kallo, kuma raba tambayoyin nan biyu shi ne abin da ya fi yi mini amfani a wannan aiki. Me ya hana ƙungiya cin jifa, wannan magana ɗaya ce. Me yaro ɗan shekara 19 zai zama in ya kai 25, wannan wata ce daban.

Ciwon ƙungiyar yana cikin yadda aka haɗa ta. Jodie Meeks, wanda ya zuba wa Tennessee maki 54 a Janairun 2009, ya tafi NBA kafin koci John Calipari ya fara kakarsa ta farko a Kentucky. Da tafiyarsa aka rasa mutumin da abokan hamayya ke tsoron bari shi kaɗai a bayan layi. Waɗanda suka rage masu gudu ne da masu ƙarfi a gindin kwando, kuma wannan ya ishe su cin wasa 35, suka faɗi 3 kacal. Amma alamar tana nan ga mai son gani. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba: kwana biyu kafin nan sun doke Cornell, sai dai jifa 2 suka ci cikin 16 daga nesa. Bob Huggins, kocin West Virginia, ya ja musu tsaron yanki, mutum ɗaya a gaba, uku a tsakiya, ɗaya a baya, ya cushe hanyar kwando da dogayen hannaye, ya bar musu waje. Suka karɓi tayinsa.

A nan na koyi daina rubuta "ba su iya jifa ba" a rahoto. Jumlar ba ta gaya wa koci komai. Yanzu kowace jifa sai na tsaya na duba yadda aka zo ga yin ta. Ƙwallon ta shiga ciki ta dawo waje, ko kuwa yawo aka yi ta yi da ita a bakin layi har lokaci ya ƙure? Ƙafafun mai jifan a shirye suke lokacin da ta iso hannunsa? Shi aka tsara ya jefa, ko shi abokan hamayya suka zaɓa su bari? Sannan akwai abin da lissafi ba ya ɗauka amma bidiyo na nunawa: bayan ɓari na goma yaro yakan fara tura ƙwallon maimakon sakin ta, don tsoro ya riga ya shiga kafaɗarsa. Ina jin tausayin yaran nan duk lokacin da na kalli rabin wasan na biyu, domin fuskokinsu na nuna sun san abin da ke faruwa kuma sun rasa yadda za su tsayar da shi.

Batun makomar ɗan wasa kuwa ya fi wuya, kuma a nan ne alƙaluma suka fi yaudara. Kakar jami'a ba ta cika wuce wasa 40 ba, kowanne minti 40. Yaro zai iya gama shekara bai jefa ta maki uku sau 100 ba. Wanda ya damƙi hatsi hannu ɗaya daga bakin buhu bai isa ya yi rantsuwa a kan abin da ke ƙasa ba. Zaɓen 2011 ya nuna haka ƙarara. Derrick Williams na Arizona ya ci 42 cikin 74 a shekararsa ta ƙarshe, kusan kashi 57 cikin 100, aka ɗauke shi na biyu. A NBA bai wuce wajen kashi 30 ba. Kawhi Leonard na San Diego State kuwa 41 ya ci cikin 164 a shekara biyu, kashi 25 ke nan, aka ɗauke shi na 15. Ƙungiyar San Antonio ta karɓo shi daga Indiana wadda ta zaɓe shi, ta haɗa shi da mai koyar da jifa Chip Engelland, wanda ya gyara masa inda yake sakin ƙwallo. A kakarsa ta farko ya haura kashi 37, alhali layin NBA yana mita 7.24 daga kwando, na jami'a a lokacin kuwa mita 6.32 ne (sai a 2019 aka matsar da shi zuwa 6.75).

Saboda haka na koma fara duba jifan kyauta kafin na maki uku. Nisa ɗaya ne a ko'ina, ba mai tarewa, kuma ana yin sa da yawa, don haka ya fi bayyana taushin hannu. A 2017 Markelle Fultz ya fito daga Washington da kashi 41 daga nesa amma kashi 65 a jifan kyauta. Jayson Tatum ya fito daga Duke da kashi 34 daga nesa, 85 a jifan kyauta. Tatum ya shiga Boston ya ci kashi 43 a kakarsa ta farko. Adalci ne a faɗi cewa Fultz ya yi fama da ciwon kafaɗa da jijiya wanda ya lalata masa jifa, don haka ba a ɗora komai a kan lissafi. Ma'aunin ma ba ya aiki kullum: Williams da Leonard kusan daidai suke a jifan kyauta, duka wajen kashi 74 zuwa 75. Abin da ya raba su yana wajen takarda, wato irin hannun da ya karɓe su da kuma yawan aikin da kowanne ya yarda ya yi.

In aka bi yaran Kentucky ɗaya bayan ɗaya, abin ya ƙara fitowa. Wall bai taɓa zama gwanin jifa ba, a wajen kashi 32 ya tsaya a tsawon aikinsa, amma gudunsa da iya raba ƙwallo sun kai shi wasan taurarin NBA sau biyar. Masu zaɓe sun san da raunin, suka saya a haka, domin a NBA za a kewaye shi da masu jifa, hanya ta buɗe masa, abin da bai samu ba a daren Syracuse. Cousins, da kusan bai jefa ta nesa ba a jami'a, ya ci fiye da 100 a kakar 2016-17 kaɗai. Patterson, da sai a shekararsa ta uku ya fara gwada ta, da ita ya ci abinci a Toronto. Wanda ya fi burge ni shi ne Darius Miller, wanda ba ya cikin biyar ɗin da aka ɗauka a wannan shekara. Sai a 2012 aka zaɓe shi na 46, ya je Jamus ya buga wa Bamberg, ya dawo New Orleans ya ci kashi 41 a kakar 2017-18. Orton kuma, da aka ɗauka don girman jikinsa alhali maki 3 yake ci a wasa, bai daɗe a NBA ba. Ina ganin an yi masa gaggawa, shi ma ya yi wa kansa.

Akwai kuma waɗanda suka ci wasan, kuma ba na son a manta da su in ana wannan lissafi. Da'Sean Butler, jagoran West Virginia, ya tsinka jijiyar gwiwa mako guda bayan nan a karawarsu da Duke. Miami ta ɗauke shi na 42, bai taɓa buga wasan kaka ko ɗaya a NBA ba. Joe Mazzulla, da ya ci maki 17 a daren yana kutsawa ta tsakiyar taurari biyar, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Ya koma horarwa tun daga ƙananan jami'o'i, kuma shi ne kocin da ya ɗauki kofin NBA da Boston a 2024, Tatum na cikin 'yan wasansa.