Waƙar da ta zauna a kan amo ɗaya

Ina wata na uku da fara koyon haɗa sauti, maigidana ya duba aikin da na kwana ina yi, ya tarar na jibga layin sauti sama da arba'in a kwamfuta. Bai ce uffan ba. Ya ɗora mini abin sauraro a kunne, ya kunna "Tomorrow Never Knows" ta ƙungiyar mawaƙan Ingila The Beatles, ya ce, "Ƙirga mini sau nawa kiɗan nan ya sauya gida."

Sau biyu na saurara, ban samu abin ƙirgawa ba. Kusan dukan waƙar a kan amon C take zaune. Tamburar Indiya, wato wani abin kiɗa mai tsirkiya, da ɗan ƙungiyar George Harrison ya kaɗa tana guna a ƙasa, gangar abokinsa Ringo Starr tana nanata bugu ɗaya har ƙarshe. Duk da haka kunne ba ya gajiya.

John Lennon, wanda ya rera waƙar, ya tsamo baitocin daga littafin The Psychedelic Experience na Timothy Leary da abokan aikinsa, wanda aka rubuta wa masu shan ƙwayar LSD. Wannan ɓangaren ba ya burge ni ko kaɗan, domin na ga yadda ƙwaya ta lalata sa'o'ina. Aikin situdiyon ne ya kama ni.

Ranar 6 ga Afrilu 1966 aka fara ɗaukarta a situdiyon EMI da ke Abbey Road a Landan, da na'ura mai layi huɗu kacal. Lennon ya nemi muryarsa ta fito kamar ta Dalai Lama, jagoran mabiya addinin Buddha na Tibet, yana rerawa daga kan tsauni, sai injiniya Geoff Emerick, ɗan shekara 20, ya bi da ita ta cikin lasifikar Leslie mai juyawa, wadda aka ƙera domin ogan, abin kiɗa mai kama da piyano. Paul McCartney, shi ma ɗan ƙungiyar, ya zo da guntayen zaren tef da aka haɗe bakinsu kamar zobe. Kukan tsuntsayen tekun da ake ji, dariyarsa ce aka ƙara wa gudu. An rarraba zoben a na'urori daban-daban, ma'aikata na riƙe su da fensir don kada su yi sako-sako, ana ɗaga sautinsu ana saukewa da hannu a kan teburin haɗi. Abin da hannu ya yi a ranar shi ya zauna a faifai.

Nan na gane cewa ni tsoron yanke shawara nake ji, shi ya sa nake ta ƙara layi.

Da kundin Revolver ya fito a watan Agustan 1966, ita ce waƙar ƙarshe, kuma ta rikita masoya da yawa. A watan ne ƙungiyar ta daina yawon wasa, ba su taɓa rera ta a gaban jama'a ba.

Washegari na koma kan aikina, na goge layi talatin, na kashe komai sai ganga da murya, sannan na ɗora yatsuna a kan teburin.