Zanen manga ba manyan idanu ba ne kawai

Mu a shagonmu nan Kano aikinmu shi ne zana labarai irin salon manga na Japan amma da Hausa, mu tsara, mu kai a buga, mu sayar. Baƙi da fari muke yi, kuma daga dama ake buɗe littafin zuwa hagu yadda Japanawa suke yi, wannan bai taɓa wahalar da yaranmu ba tunda duk wanda ya yi makarantar allo ya saba da hakan.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yaran nan da suka cika Facebook da WhatsApp, mutum ya ɗauko hoton Naruto, jarumin wani shahararren manga, ya ɗora takarda a kai ya kwafe, ya ƙara masa hula zanna bukar, ya ce wai shi ma yana manga, kuma yana sayarwa da arha har kwastoma ya zo yana ce min "ai wane ma yana yi, kuma bai kai kuɗinka ba". To je ka buɗe nasa ka gani. Manyan idanu da gashi a tsaye, shi ke nan, ka karanta shafi biyar ba ka san wa ke magana da wa ba.

Aikin yana wurin tsarin shafi ne. Kafin in taɓa tawada sai na zana labarin gaba ɗaya da fensir a gurguje, akwatuna, wato gidajen da ake raba shafi da su, da 'yan sanduna a madadin mutane, ina duba inda ido zai bi. A Japan ma haka ake yi, mai zane ya kai wa edita wannan zanen farkon, a yi ta gyara kafin a yarda ya sa tawada. Akwatin ƙarshe na ƙasan shafin hagu shi ne tarko, nan nake ajiye abin da zai sa hannunka ya juya shafi ba ka shirya ba. A labarinmu na ɗan dambe, a wannan akwatin na nuna hannun da aka naɗe da zare ya ja baya kawai, ban nuna fuska ba, ban sa ko kalma ɗaya ba, sai ka juya ka tarar da naushin ya cinye shafi biyu, ƙura ta tashi, mai kalangu a gefe ya buɗe baki. Sanin lokacin da za ka yi shiru a shafi ba a kwafe shi daga hoton intanet.

Ni a wurin wani dattijo mai zanen jikin manyan motoci na koyi riƙe burushi, Allah ya jiƙansa. Bai san wani manga ba, zakuna da dawisu yake zanawa a bayan tirela, amma hannu ya sa ni in yi ta zanawa, hannun mai shayi, hannun mai faskare, yana cewa "yaro, fuska kowa na iya yi, a hannu ake gane mai zane". Daga baya na tsinci tsofaffin littattafan manga a wurin masu gwanjon littattafai, wasu ko bango babu, na zauna ina ƙirga akwatuna a kowane shafi don in gane dalilin da ya sa wani wuri ke gudu wani ke tafiya a hankali.

Masu karatu kuwa kowa da nasa. Samari faɗa suke so da jarumin da ya tashi daga ƙasa, 'yan mata da yawa sun taso da littattafan soyayya don haka sun fi kula da hira da kallon ido, kuma wallahi sun fi samarin lura, su ne za su zo su ce halin wance ya canza ba dalili. Ina sauraron su sosai. Mujallar manga ta Japan mai suna Shonen Jump da kamfanin Shueisha ya fara fitarwa a 1968 da ƙuri'ar masu karatu take aiki, labarin da ya yi ta zuwa ƙasa a ƙuri'a sai a datse shi, wanda ya samu karɓuwa ya daɗe, ga One Piece na Eiichiro Oda tun 1997 yake tafiya, ya wuce littafi 100. Amma ni ba na son jan labari don kawai ana saye, in ɗan damben nan ya gama abin da ya fito yi zan rufe.

Sai masu buga littafi, kai jama'a! Ka kai aiki baƙinsa wuluk, a dawo maka da shi toka-toka, inuwar ɗigo-ɗigo da na ɓata dare ina jerawa ta haɗe ta zama tabo. Akwai wanda ya ɗaure min littafi ta hagu duk da na yi masa bayani har na ba shi samfuri, ya ce wai ya ɗauka kuskure ne ya gyara min. Shi ya sa yanzu nake tsayawa a kan injin da kaina har a fito da takardar farko, in ɗaga ta a haske in duba baƙin, in bai yi ba a sake.

Kashi na gaba na labarin damben yana kan tebur ana sa tawada, masu tambaya ku ƙara haƙuri, kuma don Allah wanda ya saya ya daina ɗaukar hotonsa yana turawa guruf.