Asabar: alƙalamin da ba ya son a danna shi

Hazo ya rufe gari tun asuba, ko Dutsen Dala ba a hangowa daga unguwarmu. Kasuwar Sabon Gari na je in sayo wa ƙanwata littattafan rubutu, sai ga ni na dawo da abin da ban fita nema ba. A wani shagon kayan makaranta na hango alƙalami irin mai shan tawada, baƙi, ɗan China, ƙura duk ta hau kwalinsa. Mai shagon ya ce ya daɗe a ajiye babu ko mai tayawa. Muka yi ciniki, ya sallama mini shi haɗe da 'yar kwalbar tawada shuɗiya, a kuɗin da bai kai abin da nake kashewa a data na mako guda ba.

Bayan azahar na baje a tsakar gida. Idan ka warware gangar jikinsa, akwai wani ɗan bututu a ciki mai abin murzawa a ƙarshe. Ka tsoma bakin cikin kwalba, ka murza, sai ka ga tawada tana hawa kamar ana zuƙar magani da sirinji. Wannan kam na iya, duk da yatsuna uku sun koma kamar na ma'aikacin marinar Ƙofar Mata. Wajen rubutun ne aka samu matsala. Na ɗora a takarda, shiru. Na danna, ya yi ƙara yana kartar takardar. Na ƙara dannawa, har na fara cewa a raina an cuce ni.

Baba yana kan tabarma da rediyonsa, ashe duk yana kallona. Ya ce, "Kai, kawo nan kafin ka kashe shi. Wa ya ce maka ana danna alƙalami?" Na ce, "Baba, ashe kun san shi?" Ya yi dariya ya ce da irinsa suka yi sakandare, da tawadar Quink ta kamfanin Parker, kowane ɗalibi da 'yar takardarsa ta tsane rubutu. Ya karɓa, ya ɗan murza har ɗigo ɗaya ya leƙo, ya kwantar da shi a hannu, bayan bakin yana kallon sama, ya ja a hankali. Sai ga bisimilla ta fito tsaf, tana sheƙi kafin ta bushe.

Ya nuna mini tsagar da ke tsakiyar bakin, siririya kamar gashi. Ta nan tawada ke bi da kanta ta sauka, yadda kananzir ke bin lagwani. Baƙin robar da ke ƙarƙashi kuma yana da hanyar da iska ke shiga ta cike gurbin tawadar da ta fita, shi ya sa ba ta ambaliya gaba ɗaya. Daga baya na duba a waya, na ga wani Ba'amurke, Lewis Waterman, ya yi rajistar irin wannan dabara tun 1884. To idan ka danna, tsagar kake buɗewa, ka ɓata abin. Biro ne ya lalata mana hannu. Tawadarsa mai kauri ce, sai ƙwallon da ke bakinsa ya juya take fita, shi ya sa muka taso muna rubutu kamar muna fushi da takarda. Wannan ƙullutun da ke gefen yatsana na tsakiya tun firamare, yau na san mai laifin.

Na yi kusan awa guda ina koyon sakin hannu. Da wuya fa. Layi biyu sai in manta in koma halina.

Wata dabara ta zo mini da na ɗauka wayo ce: ga kurtun tawadar allo na yaran gidan nan, me zai sa in riƙa sayen kwalba? Baba ya ce kul. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, idan ta bushe a cikin waccan siririyar hanya ta toshe ta ke nan. Ita alƙalamin gamba aka yi ta dominsa, wanda in ya dakushe sai a sa wuƙa a fiƙe. Na gwada ajami da sabon nawa ma, bai yi kyau ba ko kaɗan. Bakinsa zagayayye ne, kauri ɗaya yake bayarwa ko ta ina ka ja, babu wannan cikar da sirancewar da ke ƙawata rubutun alarammomi.

Takarda ma da nata rigimar. A littafin da na sayo wa ƙanwata tawadar ta baje, haruffa suka yi gashi-gashi, ta kuma ɓullo ta baya. Na lalata mata shafi biyu, ba ta sani ba tukuna. A farar takardar fotokwafi ta A4 ya fi zama daidai. Sannan hunturun nan: na ajiye shi a buɗe na amsa waya, kafin in dawo bakin ya bushe, sai da na diga masa ruwa ya farfaɗo. Dole murfi ya koma da zarar an tsaya.

Yanzu ƙarfe goma ta wuce, an ɗauke wuta, da fitilar waya na rubuta wannan a takarda kafin in kwafe. Shafi guda cur, kuma hannuna bai yi tsami ba. Na yi alwala sau uku shuɗin bai bar farcena ba. Ƙanwata ta ce ranar Litinin da shi za ta makaranta, don haka na sa shi a aljihun babbar rigata ta Juma'a na rataye can ciki.