Me ya sa bai kamata a keɓe tabar ganye daga dokar hana busa hayaƙi ba

Abu na farko da aikin sa ido kan dokar hana shan taba a bainar jama'a ke koya wa mutum shi ne, kalmar da aka rubuta a dokar ce ke ɗaure ko sake hannun jami'i. In doka ta ce "taba" kawai, mai gidan shisha zai ɗauko kwalin tabar ganye, wato haɗin tsirrai da babu taba a cikinsa, wanda aka rubuta wa "babu nikotin", jami'i kuma ya rasa ta cewa. Ido da hanci ba sa bambance haɗin tukar rake da zuma daga haɗin da aka cuɗa da taba. Sai an ɗebi samfur an kai ɗakin gwaji, kafin sakamako ya fito kuwa an sauya abin da ke cikin kaskon. Ingila ta toshe wannan kafa a dokarta ta 2006, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2007, inda ta haɗa duk wani abu da aka kunna domin a zuƙa.

Masu neman a keɓe tabar ganye suna kafa hujja da rashin nikotin. Gaskiya ne, nikotin ne ke sa jaraba. Amma dokar an yi ta ne don kare wanda ke zaune kusa, shi kuwa abin da ke cutar da shi ƙonuwa ce ke haifar da shi. Ko na'a-na'a ka ƙona ko furen wardi, za ka samu kwalta, da ƙananan ƙwayoyin toka masu kutsawa can cikin huhu, da iskar kabon monoksaid, wadda ke manne wa jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200. Tun a 2000 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tilasta wa wasu masu sayar da sigarin ganye rubuta gargaɗin cewa yana fitar da kwalta da kabon monoksaid.

A shisha abin ya fi muni, domin gawayin da ke kan kaskon ne babban tushen kabon monoksaid, ko da me aka zuba a ƙarƙashinsa. Ruwan tulun yana sanyaya hayaƙi ne kawai, ba ya tsare wannan iskar. Fanka da buɗe taga ma ba sa wadatarwa, shi ya sa ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 suka nemi a raba cikin gini da hayaƙi gaba ɗaya.

Wanda ya fi damuna shi ne ma'aikacin da ke zagayawa yana sauya gawayi. Mai zuƙa yakan yi kamar awa ɗaya ya tashi, shi kuwa yana cikin ɗakin tun buɗewa har rufewa, kuma ciwon kai da jirin da yake ji sau da yawa gajiya yake ɗora wa.