Fiyanon Arvo Pärt a Daren Hunturu

Idan hunturu ya kankama a Jos, sanyi ya kore mutane daga bakin titi tun bayan sallar isha'i, akwai wani ɗan gajeren kiɗan fiyano da nake kunnawa, mai suna Für Alina. Wanda ya tsara shi shi ne Arvo Pärt, mutumin ƙasar Estoniya ta arewacin Turai da aka haifa a 1935, kuma ya rubuta shi ne a 1976, lokacin ƙasarsa tana ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Tun 1968, sa'ad da hukuma ta nuna fushinta kan wani aikinsa mai ɗauke da furucin imani na Kirista, ya ja da baya, ya shafe kusan shekara takwas yana nazarin tsofaffin waƙoƙin coci, sannan ya fito da wannan abu da bai wuce shafi biyu ba.

Makaɗi yana farawa ne da sauti mai kauri daga can ƙarshen hagu na fiyano, ya danne matakin ƙafa domin amon ya ci gaba da gurnani a ƙasa. Daga nan hannu biyu su koma sama, inda sauti yake siriri kamar na ƙararrawa. A gaɓar farko bugu ɗaya ne, a ta biyu biyu, haka ake ƙarawa har zuwa takwas, sannan a riƙa ragewa. Hannun dama yana jan zaren kiɗan, na hagu kuwa sauti uku kaɗai yake zagayawa, sai a wuri guda kusa da ƙarshe inda ya kauce musu, a daidai nan kuma ake ɗage ƙafa, gurnanin nan ya ɗauke. Duk sanda aka zo wurin sai na ji numfashina ya tsaya. Pärt ya kira salon tintinnabuli, wato ƙananan ƙararrawa da Latinanci.

Wasu abokaina suna cewa kunnen Bahaushe ba zai jure kiɗan da babu waƙa, babu kalangu ba. Ban yarda ba, domin a garin nan ne marigayi Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, ya riƙe jama'a shekara da shekaru da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak. Gaskiya ne shi yana da murya da hikimar zance, amma wanda ya tashi da kuntigi ya riga ya san kayan kiɗa kaɗan suna iya ɗaukar magana mai nauyi.

Wani dare baffana ya kwana a gidanmu, na kunna masa muna zaune gaban kaskon wuta. Bai ce uffan ba har aka gama, shayinsa ya huce a hannunsa. Sai ya ce, "Ɗana, wannan bawan Allah yana jiran kowane sauti ya mutu kafin ya taɓa na gaba." Na ce, "Haka ne, Baffa." Ya gyara mayafinsa, ya ce in sake maido shi daga farko.