Yaro Mai Musu a Wurin Walda

Ina da ƙaramin kamfanin walda, muna ƙera ƙofofi da tagogi da shingen ƙarfe. Duk wanda ya kawo mini yaro koyon aiki, abin da yake fara yabonsa da shi shi ne ladabi: ba ya musu, abin da aka sa shi shi yake yi. Ladabi abu ne mai kyau, ina kuma son sa. Amma a wurina, yawancin dabarun da suka rage mana asara daga hannun yaran da ake kira masu taurin kai suka fito.

Ƙarfe in ya ji wuta buɗewa yake yi, in ya huce ya tsuke. Shi ya sa idan ka ja walda doguwa a gefe guda na firam ɗin ƙofa, sai ya janye ya karkace. Manyan ma'aikatana sun saba su gama, sannan su ɗauki guduma su daidaita. Wani yarona ya ce shi fa bai ga dalilin dukan ƙarfen da za a iya hana shi karkacewa tun farko ba. Aka ce masa yaushe aka haife shi. Bai tanka ba. Ya jera ƙarafansa, ya ɗaure su da matsi a kan tebur, ya ɗiga walda a kowace kusurwa, ya auna da tef daga kusurwa zuwa kishiyarta har awon biyu ya zo ɗaya. Sannan ya riƙa ƙona kaɗan a nan, ya tsallaka can, ya bar wancan ya huce. Da ya kwance, sai ya ce, "Maigida, zo ka sa sikwaya." Na sa sikwayar, wato ma'aunin daidaiton kusurwa, ba inda haske ya ɓullo tsakaninta da firam ɗin. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, masu walda sun daɗe da saninta. Abin da ya kawo shi ne ƙin yarda da "haka muka taso muka gani".

Nakan tuna Dick Fosbury, ɗan Amurka da ya ci zinare a tsallen sama a gasar Olamfik ta 1968 a Meksiko, ya tsallake mita 2.24 da baya, alhali sauran da ciki suke tsallakawa. Yau kusan kowa haka yake yi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a lokacin an fara maye gurbin yashi da garin katako da katifar soso a wurin sauka. Ba don ita ba, faɗuwa ta baya karya wuya ce. Aikin mai kamfani ke nan a ganina, ya shimfiɗa katifar. Na ware guntayen ƙarfe a gefe, duk mai sabuwar dabara ya je ya gwada a kansu, ba a kan kayan mai kaya ba.

Ba kowane musu nake ɗauka ba. Akwai mai gardama don lalaci, akwai mai yi don aikin ya dame shi. Na farkon da baki yake tsayawa, na biyun kuwa za ka gan shi bayan an tashi yana tsugune yana gwaji. Wannan na biyun yana da wuyar sha'ani, yakan ɓata wa manya rai, wani lokaci sai na kira shi gefe na ce masa gaskiyarsa ba ta ba shi izinin raina wanda ya koya masa riƙe sandar walda ba. Maganar gilashin kare ido da safar hannu kuwa ba na jin hujjar kowa. Wanda ya cire, ya ajiye aiki ranar.